Hoton Bizar Malam Inuwa

Duk wanda ya ce maka farin yadi fari yake fitowa a hoto, to bai taɓa riƙe kyamara ba. Aziza ta san haka tun shekara uku da suka wuce, lokacin da ta share tsohon shagon da ke jikin gidansu a Hayin Banki ta mai da shi ɗakin ɗaukar hoto. Ka sayo yadi fari ƙal, ka wanke, ka goge, ka rataya, ka danna kyamara, sai ya fito maka ruwan toka kamar tsumman goge tukunya. Sai ka ba shi fitilarsa shi kaɗai, ka kuma janye mutum daga jikinsa don kada inuwa ta faɗa masa. To ina filin janyewar? Ɗakin taku biyar ne a tsaye, huɗu a kwance. In mai jiki ya shigo, sai an fitar da kujera ɗaya waje.

A haka dai take cin abincinta. Amare suna zuwa, ɗalibai masu neman hoton cika fom suna zuwa, har da matan da ke sayar da turare da atamfa ta waya. Amma ranar Larabar nan ta rufe ƙofar da ke kallon titi, ta ce ba ta nan, domin aiki ɗaya ne a gabanta: hoton bizar mahaifinta, Malam Inuwa.

Shekararsa saba'in da ɗaya. Talatin da biyar daga ciki ya yi su yana tuƙa motar ma'aikata. Manyan ofis ɗin da ya kai filin jirgi za su Makka, ya kuma koma ya ɗauko su da tulin tsarabarsu, ba su ƙirguwa, shi kuwa ko matakalar jirgi bai taɓa takawa ba. Harami ma ya saya tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce, shekarar da suka yi niyya shi da Inna, mahaifiyar su Aziza, kafin ciwon ajali ya kwantar da ita. Sai bana Allah ya yi, babban ɗansa Ja'afaru, wanda ke aikin likita a Abuja, ya biya masa kujerar Umara. Saura sati uku a tashi. Masu kamfanin tafiyar sun ce a turo hoto mai farin baya kafin ƙarfe huɗu na yammacin yau, ba tabarau, ba inuwa, in ba haka ba a cire sunansa daga ayarin. Yaya Ja'afaru za ta tura wa, shi zai miƙa musu.

Abin haushin, sati biyu cur tana bin tsohon nan yana ce mata gobe. Mutumin da ya haɗa jakarsa tun wata ɗaya da ya wuce, har da silifas da 'yar buta, amma zaman minti biyar a kujera ya gagare shi!

Sai wajen sha ɗaya ya shigo, fes da shi, cikin farar riga da farar hula.

"Haba Baba," in ji Aziza, tana ɗaura lema a jikin fitila. "Farar riga, farar hula, farin gemu, ga farin baya. Ai fuska kawai za a gani tana yawo a iska."

"Ke dai kin cika iyayi. A zamaninmu mai hoto lulluɓe kansa yake da baƙin ƙyalle ya ce kar ka motsa, shi ke nan an gama."

"Zamaninku ba a tura hoto Saudiyya ta waya. Don Allah ka sako shuɗiyar nan ta Sallar bara."

Ya fita yana gunaguni, ya dawo cikin shuɗiyar. Rigar ta yi masa yawa, wuyanta ya zazzago, kafaɗun sun sauko har damtse. Ta ce, "Baba, rigar nan ba haka take maka ba da." Ya ce telan ne ya cuce shi tun farko, ita ce ba ta lura ba. Ba ta ja maganar ba, ta sa ɗan fil ta kama rigar ta baya yadda take yi wa amare.

"Saura tabarau."

Wata huɗu ke nan da ya tsiri saka wani tabarau mai duhu, wai rana tana damun idonsa. Har a tsakar gida yana sanye da shi. Ya ɗan jima kafin ya cire, ya ninke shi a hankali, ya riƙe a cinya. Ita ba ta ma kalle shi ba, tana can tana fama da waya da soket.

Kar wani ya yi mamaki. Tun tasowarta Aziza ba ta taɓa tsayar da ido cikin idon mahaifinta ba. Ba tsoro ba ne, haka aka tarbiyyantar da ita. In yana magana, ƙasa take kallo, ko gefen kafaɗarsa, ko carbin da ke hannunsa. Gida ɗaya suke kwana su biyu rak, ita ke dafa masa, ita ke wanke masa, amma da za a tambaye ta yadda ƙwayar idonsa take, sai dai ta faɗi abin da ta tuna tun tana ƙarama.

Ɗaukar farko, yadin ya fito ruwan toka, ga inuwar kansa baƙa ƙirin a bayan kunne. Ta jawo kujerar gaba har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙafar kyamara, ita kuma ta manne da ƙofa. Ta ɗauki fitila ɗaya ta ajiye a ƙasa bayan kujera, ta haska yadin. Ɗauka ta biyu, haske ya yi yawa, ya dawo daga yadin ya cinye gefen gemunsa da rabin kunne. Ta rage, ta karkata, ta sa kwali ta tare gefe. A ta biyar ne yadin ya fito yadda take so, fari tas tun daga sama har ƙasa.

Ta zare katin ta sa a kwamfuta, ta jawo fuskar kusa don ta duba ko ta fita sosai. Sai ta ja tsaki. Farin idon ya yi rawaya.

"Wannan bangon ne," ta ce. "Na faɗa wa mai fenti fari nake so, ya zo ya shafa min ruwan ƙwai."

Ta san halin bangon. Haske yakan buge shi ya dawo kan fuskar mutum da launinsa, ta sha wahalar haka da hoton wata amarya mai farin leshi. Ta shiga gida ta kwaso zannuwan gado farare guda biyu, ta hau kujera ta maƙala su da ƙusa hagu da dama. Zufa ta jiƙa mata hijabi. Ta sake ɗauka. Rawayar tana nan.

To ko ƙwan fitilar ne ya tsufa? Ta kwance shi yana ƙona mata yatsu, ta sa sabo. Tana dannawa aka ɗauke wuta. Wayyo takaici! Ta fita tsakar gida ta ja igiyar janareta sau bakwai kafin ya yarda ya tashi, ta dawo hannunta yana warin fetur. Duk wannan bidirin Malam Inuwa yana zaune shiru, bai ce mata ta yi sauri ba, bai yi mata tsiyar da ya saba ba. Da aka kira azahar ya ce yau a gida zai yi, ƙafarsa ta yi nauyi. Da ta leƙa ɗakinsa kiransa, a zaune ta same shi yana sallar.

Ƙarfe biyu da rabi suka koma. Aziza ta gaji, ranta ya ɓaci, ta ce bari ta yi gwajin da malaminta na hoto ya koya mata. Ta zaro farar takarda daga cikin ƙunshin takardu, ta miƙa masa.

"Baba, riƙe min wannan a gefen fuskarka. In takardar ta fito rawaya, hasken ne. Sai in san abin da zan gyara."

Ya kalli takardar, ya kalli ƙasa. Sannan ya ɗaga ta.

Ta ɗauka, ta sa a kwamfuta, ta jawo kusa. Takarda fara. Yadi fari. Gemu fari, hula ma da ta bar masa fara. Ido kuwa kamar an ɗiga masa ruwan kurkum.

Ta daɗe tana kallon fuskar kwamfutar, janareta yana ta ruri a waje. Sai abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya: tuwon da yake barin rabi ya ce ya ci ƙosai a masallaci, gorar jiƙon da take gani a ƙarƙashin gadonsa, susar da yake yi har ya ji wa hannunsa ciwo, da yadda duk lokacin da Yaya Ja'afaru ya kira ta bidiyo sai ya ce a kashe hoton, murya ta isa. Kunya ta kama ta, da tsoro, da haushin kanta. Awa uku tana zagin bango da mai fenti.

"Baba," ta ce, ba ta juyo ba. "Ba hasken ba ne."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan babbar Sallah. Shawara ce kawai. Ina shan sassaƙe, akwai wani mai magani a Kawo, ya san aikinsa."

"Ka je asibiti?"

Ya sauke takardar a cinya. Sannan ya ce ya je wani ƙaramin asibiti shi kaɗai. Sun ɗebi jini, sun ce hanta ce, sun rubuta masa takardar hoton ciki, sun ce ya dawo da ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Takardar tana cikin aljihun jakar tafiya, a ninke.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, ɗanka likita ne fa! Likita!"

"Shi ya sa." Muryarsa ba ta tashi ba. "Na san Ja'afaru. In ya ga idon nan, gadon asibiti zai kai ni, ba Makka ba. Uwarku haka aka yi mata. Aka ce a bari ta warke tukuna, baɗi ma shekara ce. Kin ga baɗin? Ni na san jikina, Aziza. In na hau gadon nan ba na sauka. Sati uku kawai nake nema. In ga ɗakin Allah da idona, ko da wannan idon ne, in ya so duk abin da zai faru ya faru."

Hawaye ya zubo mata. Ta sa bakin hijabi ta share.

"Ina ganin yadda kike yi wa amare," ya ci gaba. "Yarinya ta zo da ƙuraje, ta fita fuska sumul. Ido ja, ki mai da shi fari. Ki yi min haka. Tun da aka haife ki ban taɓa roƙonki komai ba, yau na roƙe ki."

Wallahi da duka ya yi mata da ya fi sauƙi. Uba ya ce ya roƙe ka, da wane baki za ka ce a'a? Ta tuna shi a tsaye a bakin mota, sanye da kakin direba, yana loda jarkokin zamzam na wasu. Ta tuna haramin da yake fitarwa duk shekara ya shanya ya mayar. Ta kuma tuna cewa a Makka akwai zafi da cunkoso da tafiyar ƙafa, ga mutumin da sallar azahar ta gagare shi a tsaye. Ta duba agogo, uku da kwata.

Ta jawo kujera ta zauna. Aikin bai kai minti biyu ba. Ta zagaye idon dama, ta janye rawayar, ta ƙara haske, ta koma na hagu. Hannunta ya saba, shi ya yi abinsa ba tare da ya nemi shawararta ba. Sauƙin abin ne ya fi ƙona mata rai. Ga Baba nan a fuskar kwamfuta, ido fari tas, baya fari tas, hoton da ba ta taɓa yin mai kyansa ba a ɗakin nan. Ta tura wa Yaya Ja'afaru, ta kife wayar a kan tebur.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Malam Inuwa.

Ba ta iya cewa amin ba.

Uku da minti arba'in wayar ta yi ƙara. Malam Inuwa ya ce, "Sa a fili in ji." Ta sa.

"Hajiya mai hoto!" Muryar Ja'afaru ta cika ɗakin, yana dariya. "Bayan nan ya yi, ba ƙarya, ko a Abuja sai haka. Amma wannan idon na wane ne? Baban da idonsa yake ja tun muna yara saboda tuƙin hanya, shi kika mayar amarya?"

Aziza ta yi ƙoƙarin dariya, ta kasa. Wannan ne kuskuren. Farin idon amare ta sani, shi hannunta ya saba yi. Jan idon Baba kuwa ta manta da shi, tun da rabon da ta kalle shi tun tana 'yar firamare.

"Na ɗan gyara ne kawai, Yaya."

"Kin ɗan gyara." Dariyar ta ragu. Aka ji yana tafiya, aka ji ƙofa ta rufe, hayaniyar da ke bayansa ta ɗauke. "Tsaya in sake dubawa. Tabon sallah yana nan a goshi, ba ki taɓa ba. Tamojin fuska yana nan. Kumatun nan kuma yaushe suka faɗa haka? Aziza, duk fuskar nan ido kaɗai kika taɓa. Me kika goge?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ina magana. Turo min na asalin, wanda ba ki taɓa ba. Yanzu."

Sai ta ɗago kai. Karo na farko tun girmanta, ba kyamara a tsakani, ba kwamfuta, ta kalli mahaifinta cikin ido. Shi ma bai kau da kai ba. Bai girgiza kai ba, bai yi mata alama da hannu ba, kallonta kawai yake da idon nan rawaya, a ƙarƙashin fitilar da ita ta saita da hannunta. Ta ga roƙo a ciki, ta kuma ga gajiyar da ta fi roƙon yawa. Tana iya cewa ta goge na asalin. Kalma uku ce, Yaya zai yi faɗa ya gaji, huɗu ta kusa, dole ya miƙa wanda ke hannunsa. Ta buɗe baki ta faɗa, sai ta ji ba za ta iya ba. Tana son ya ga Ka'aba, amma ta fi son ta tashi gobe ta same shi a ɗakinsa.

"Baba, ka yafe min," ta ce.

Ta zaɓi wanda yake riƙe da farar takarda, ta tura.

Daga can aka ji Ja'afaru ya sauke numfashi, ya yi salati a hankali. Da ya sake magana, ba muryar wasa ba ce, ba kuma ta faɗa ba.

"Baba yana kusa?"

"Ina jin ka," in ji Malam Inuwa.

"Baba, gobe da jirgin ƙasa na safe ina nan, in sha Allahu. Kada ka ƙara shan komai da wani ya jiƙa maka, don girman Allah. Maganar biza a bar ta tukuna, zan kira su. In ka samu sauƙi, ni da kaina zan raka ka."

"To," in ji Malam Inuwa. "Allah ya kawo ka lafiya."

Wayar ta mutu. Ya dafa gwiwa ya miƙe, fil ɗin da ta kama rigar da shi ya ɓalle ya faɗi ƙasa. Ya kalli tabaran da ke hannunsa kamar zai saka, sai ya ajiye shi a kan kujerar. Bai yi mata faɗa ba, bai ce ya yafe ba, ya ɗaga labule ya shige gida. Ladanin unguwa ya kira la'asar. Agogon kwamfuta ya nuna huɗu da minti biyu.

Aziza ta zauna ta yi kuka mai isarta, fuskarta a kan tebur. Ba ta san ko daidai ta yi ba, har yanzu ba ta sani ba. Da ta ji ƙarar zif ɗin jaka daga ɗakinsa sai ta tashi ta bi shi.

Ta same shi a bakin gado, jakar tafiya a buɗe a gabansa. Ya fitar da silifas ya ajiye a ƙasa, ya fitar da 'yar butar, ya fitar da takardar asibitin ya ɗora a kan matashi inda Ja'afaru zai gani. Na ƙarshe shi ne haramin, fallaye biyu a ninke cikin leda. Ya shafa shi da tafin hannu, sannan ya miƙa mata. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu.

"Kar ki mai da shi can ƙasan akwati," ya ce. "Ajiye shi kusa, inda hannu zai kai. In bai raka ni Makka ba, akwai inda zai raka ni."

"Baba, don Allah ka daina."

"Na daina." Ya jawo ƙafafunsa ya kwanta, ya juya fuska bango. "Je ki kashe injin nan, mai yana ƙonewa a banza."